Yadda ake hawan duwatsun Suda da yawon garin Abha, ga mu mazauna Jidda da Makka

'Yan uwa tunda na dawo daga Abha mutane ke ta tambayata a WhatsApp, wai da gaske hotunan nan a Saudiyya na ɗauke su, wasu ma cewa suke ai ƙasar Habasha na je ban faɗa ba. Wallahi nan cikin ƙasar nan ne, yankin Asir, kudu da mu. Da yawanmu mun shekara goma ko ashirin tsakanin Jidda, Makka da Madina, daga aiki sai gida sai Harami, mun ɗauka ƙasar duk rairayi ce da zafi, alhali akwai wurin da a watan Yuli sai ka nemi bargo da daddare. Sau biyu na je, na farko mun yi kurakurai, na biyu Allah ya sa mun yi shi yadda ya kamata, shi ne na ce bari in zauna in rubuta yadda ake yi don wanda ke da niyya.

Abin da za ka fara sa wa a ranka shi ne maganar tsayi. Jidda a bakin teku take, Abha kuwa tana sama da mita 2,200, dutsen Suda kuma yana wajen mita 3,000, yana cikin wurare mafi tsayi a duk Saudiyya. A can sama iskar da kake shaƙa ba ta da kauri kamar ta ƙasa, a mita 3,000 abin da huhunka ke samu kusan kashi 70 cikin 100 ne na abin da ya saba samu a Jidda, kuma daga wajen mita 2,500 ne wasu mutane ke fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya da haki. Ba ruwan abin nan da ƙarfinka. A zuwanmu na farko mun kwana muna tuƙi, gari na wayewa muka wuce Suda kai tsaye ba barci ba karin kumallo, wani ƙaninmu matashi mai buga ƙwallo duk sati shi ne ya fara zubewa, ko rabin awa ba mu yi muna tafiya ba ya zauna a kan dutse ya riƙe kai yana amai, dole muka juya da shi. Wani dattijo da ke cikinmu kuwa, wanda ya yi barcinsa a mota, lafiya lau ya yi ta tafiyarsa. Saboda haka dan Allah kar ka hau dutse ranar da ka iso. Ka kwana ɗaya a Abha, in da hali biyu, ka sha ruwa sosai, ka yi barci. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk abin da zan faɗa.

Tsarin da ya fi yi wa mai aiki sauƙi shi ne ka tashi ranar Alhamis da yamma, Juma'a ka yi ta a cikin gari, Asabar da asuba a hau dutse. Jirgi daga Jidda awa ɗaya da 'yan mintuna ne, filin jirgin yana tsakanin Abha da Khamis Mushait. In da mota ne to tafiyar ta haura kilomita 600, kuma hanya biyu ce. Akwai ta bakin teku, ka bi Lith, Kunfuda, ka ratsa Muhayil sannan ka hau Akabar Sha'ar (akaba ita ce hanyar da ke hawa jikin dutse), ita ce mai sauri. Akwai kuma ta kan tudu, Ɗa'if, Baha, Baljurashi, Namas, Tanuma har Abha, ta fi tsawo amma kai, kyau kam ba a magana, in kuna da direba biyu da lokaci ku je ta nan ku dawo ta ƙasa. Bas ma yana zuwa. Igamarka ta kasance a aljihunka kuma ba ta mutu ba, akwai wuraren bincike a hanya, wanda takardunsa ba su cika ba gaskiya ya haƙura tukuna. Baƙon da ya zo da bizar Hajji shi ma kar ku ɗauko shi, bizarsa ba ta yawon garuruwa ba ce.

Lokaci kuma, ni na fi son watan Afrilu zuwa Mayu, ruwan bazara ya sauka duwatsu sun yi kore, bishiyoyin jakaranda na cikin gari sun zuba fure ruwan shuni-shuni har kan titi. Yuli da Agusta lokacin hutun makaranta ne, duk ƙasar nan kowa can yake gudun zafi, kuɗin masauki ya tashi, cunkoson motoci kamar lokacin Umarar azumi, ga ruwan sama da tsawa da yamma. Lokacin sanyi kuwa sanyin asuba ba irin hunturun Kano ba ne, ya fi shi cizo. Ka riƙe wannan lissafin, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, to ka ɗauki zafin Jidda na ranar ka cire wajen 18, ka ga abin da zai tarbe ka a Suda, ban da iska.

Yanzu maganar ɗan jagora. Na san halinmu, za a ce me zai sa in biya mutum don ya nuna min dutsen da nake gani da idona, ga taswira a waya. To ka ji. Suda tana bakin wani gangare ne mai zurfin gaske, inda tudun Sarawat ya yanke ya faɗa ƙasar Tihama, wato ƙasan da ke wajen bakin teku. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga wajen Bahar Maliya, tana hawowa tana sanyi sai ta zama hazo, kuma hazon nan ba ya sallama. Kana tsaye kana kallon ƙauyuka can ƙasa kamar ƙwayar gero, kafin ka gama ɗaukar hoto biyu fari fat ya rufe ko'ina, wanda ke gabanka da taku goma ba ka ganinsa. A irin wannan lokacin hanyar awaki da hanyar mutane duk iri ɗaya suke, sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa a cikin kwari. Mutumin da aka haifa a wurin ya san inda ake tsayawa a jira, ya san kwarin da ba a shiga in hadari ya haɗu ko da a kanku ba a ruwa, don ambaliya daga sama take gangarowa. Kamar dai yadda baƙo ke bin muɗawwifi ne a zuwansa na farko, ba wai don ba shi da ƙafa ba.

Ka nemi wanda ke da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, su suna ce masa murshid siyahi, ka ce ya turo maka hoton katinsa, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Masu masauki sukan san su, akwai kuma ƙungiyoyin masu tafiyar ƙafa da ke fita duk ƙarshen mako, shiga cikinsu ya fi arha fiye da ɗaukar mutum ku kaɗai. Kafin ka tura ko riyal ɗaya ka tambaye shi awa nawa ne tafiyar, hawa ce ko gangara, mutum nawa zai ɗauka, mota tana cikin kuɗin ko a'a, ruwa da abinci fa, yana da akwatin magani, sannan in yanayi ya ɓaci aka fasa yaya za a yi da kuɗin. Ka kuma tambaye shi wace hanya ce a buɗe yanzu, don tun 2021 aka kafa kamfanin raya Suda, a 2023 aka sanar da babban aikin gine-gine a wurin, wasu sassan da ake shiga da can ana rufe su, har motar igiyar nan mai saukowa daga dutse kar ka gina shirinka a kanta sai ka tabbatar tana aiki. Kuma ka gaya masa gaskiyar lafiyarku. Mai hawan jini, mai asma, mai ciwon zuciya, mace mai ciki, musamman ma mai sikila, wanda mun san yana da yawa a cikinmu kuma ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwo, duk su ga likita kafin tafiya, kar a ɓoye don kunya.

Hanyoyin iri biyu ne a taƙaice. Akwai zagayen sama, ku yi ta tafiya cikin dajin bishiyoyin da ake kira ar'ar a bakin gangaren awa biyu ko uku ku dawo inda kuka bar mota, wannan shi ya dace da sabon shiga da mai iyali. Akwai kuma tsohuwar hanyar ƙafa da ake kira Akabar Kurun, wadda mutanen zamanin da suke bi tsakanin Suda da ƙauyen Rijal Alma da ke ƙasa da jakunansu da kayansu, gangara ce ta awanni a kan duwatsu, dole mota ta zagaya ta jira ku a ƙasa. Mutane na ɗauka gangara ta fi sauƙi, to gwiwa ce ke biyan kuɗin, washegari za ka sani. In ba ka saba tafiya ba ka fara da ta sama, sati biyu kafin tafiyar kuma ka daina shiga lif, ka riƙa hawa bene da ƙafa.

Kaya ba su da yawa amma kowanne da dalilinsa. Takalmi kambas mai ƙurajen ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ba sabo ba, silifas da takalmin zuwa masallaci a bar su a masauki. Jallabiya ma ba ta yi ba, tana kama ƙaya tana harɗe ƙafa, ka sa wando mai sauƙi. 'Yan uwa mata su sa wando a ciki da abaya wadda ba ta jan ƙasa, hijabin a ɗaure shi sosai saboda iska. Riga a kan riga ake sawa, singileti, riga, suwaita, sannan jaket mai hana ruwa, kana jin zafi kana cirewa. Ruwa aƙalla lita 2 kowane mutum, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko kilishi in an kawo maka daga gida, hula da man shafawa na leɓe don rana a can sama tana ƙuna ko da kana jin sanyi, fawa bank, da leda ta zuba shara. Ka ajiye lambobin nan a waya, 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana da ceto. Ka tura wa wani a gida lokeshan da lokacin da kuke sa ran dawowa.

Ranar hawa ku yi sallar asuba ku fita, daga Abha zuwa Suda bai wuce tafiyar minti 40 ba. Dalilin sammakon biyu ne, na farko hazo da ruwa sun fi zuwa bayan azahar, na biyu kuma shi ne abin da ya kai ka, wato launin duwatsun. Wannan sai ka gani da idonka amma bari in gwada. Kafin rana ta fito komai shuɗi-shuɗi ne, layin dutse bayan layin dutse kamar an jera turamen shadda an rine su sau ɗaya, sau biyu, sau uku, na kusa ya fi duhu na nesa ya koɗe. Rana na leƙowa sai fuskar duwatsun ta koma ja kamar jan ƙasar Zariya, can ƙasa kwari na nan da duhunsa, a tsakani kuma ga gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, wata koriya shar da alkama ko sha'ir, wata ta nuna ta zama ruwan ɗorawa, wata an huɗe ta baƙa. Bishiyoyin ar'ar kuwa korensu ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, jagoranmu ya ce daga nan sunan Suda ya samo asali, kuma a jikin rassansu akwai wani gansakuka fari-fari da ke reto kamar gemun tsoho, da hazon nan yake rayuwa. Sai fararen gajimare su taso a ƙarƙashin ƙafarka, kai kana sama su suna ƙasa. Dattijon da ke tare da mu tsayawa ya yi cak, na ce Baba lafiya, ya ce yaro bar ni, ayar nan ta Suratu Faɗir nake tunawa, inda Allah ya ce a cikin duwatsu akwai zane-zane farare da jajaye masu launi daban-daban da baƙaƙe ƙirin, shekara nawa ina karanta ta sai yau na ga abin da ake nufi. Mun daɗe a wurin ba mai magana.

Tafiyar kanta, taku ƙanana ake yi, a hankali, ma'aunin shi ne in ba za ka iya magana kana tafiya ba to ka yi sauri da yawa. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan kar ka jira ƙishi. Kar ka wuce jagora kar kuma a bar kowa a baya shi kaɗai. In ciwon kai ya zo ka faɗa, a huta, in ya ƙi sauka ko amai ya biyo baya to maganinsa sauka ƙasa ne, ba jarumta. Hoto a bakin gangare kuma dan Allah a bari, dutsen da hazo ya jiƙa santsi gare shi. In kun yi sa'a jagora zai nuna muku wani tsuntsu mai baƙi da fari da doguwar wutsiya, ak'ak na Asir, duk duniya a duwatsun nan kaɗai ake samunsa, kuma ba su da yawa.

Birai fa, manya irin gwaggon biri, garke-garke suke zama a bakin hanya da wuraren ajiye mota. Kar ka ba su abinci, hukuma ta hana, kuma daga ka ba ɗaya sauran sun kewaye ka. Kar ka riƙe leda a hannu a gabansu, gilashin mota a rufe, yara a kusa da kai. Hura wuta a daji da karya itace su ma akwai tara.

In kun sauko da sauran ƙarfi to a wuce Rijal Alma, kimanin kilomita 45 daga Abha ta yamma, ta Akabar Samma. Hanyar nan lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, direba ya sa mota a ƙaramar giya ta riƙe kanta, in ya dogara da burki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa, wanda bai saba ba ya bar wa ɗan gari sitiyari. Kana sauka kunnenka na toshewa zafi na dawowa, jaket ɗin duk sai ka cire. Ƙauyen gidajen dutse ne dogaye, wasu hawa shida har fiye, an manna su a jikin tudu, an yi musu ado da farin dutse mai ƙyalli a kewayen tagogi, tagogin kuma an shafa musu kore da shuɗi da rawaya. Tsohon zango ne na fatake da mahajjatan da ke tasowa daga Yaman. Mutanen garin da kansu suka haɗa gidan tarihi a 1985, kowa ya kawo abin da ya gada, a 2021 kuma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ƙauyukan da suka fi fice a duniya. Ka shiga ciki ka ga zanen bangon da ake kira Ƙaɗɗ, layi-layi da kusurwa uku-uku, ja, kore, rawaya, baƙi a kan fari, mata ne ke yinsa, uwa ta koya wa 'yarta, UNESCO ta sa shi a kundinta a 2017. Ni dai ina gani sai zayyanar gidajen Kano da jeren kwanukan ɗakin kakata suka faɗo min, bambancin kawai namu magina maza ke yi a waje, nasu mata ke yi a ciki. Za ka ga maza da kambun furanni da ganyen ƙamshi a ka, al'adarsu ce tun kakanni, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, mata kuwa kar ma ka ɗaga waya wajensu, laifi ne a doka.

Ranar Juma'ar da ka ware wa Abha ba sai ka wahalar da kanka ba, manufar ai jiki ya saba ne. Bayan an sauko daga masallaci a ci hanis, naman da ake gasawa a rami da ganyen marakh, ƙamshinsa daban yake da mandin da muka saba ci a Jidda. Da safe kuma arika, tuwon alkama ne ake zuba masa man shanu da zuma da dabino, tana riƙe ciki sosai, amma ranar hawa kar ka cika ta. Da la'asar ka leƙa Kasuwar Talata, sunanta ke nan amma sauran ranaku ma ana samun masu kaya, mata tsofaffi na sayar da turare, faifai, ganyen ƙamshi da zuma. Unguwar Muftaha da Titin Fanni suna kusa, nan jakarandar take. Ka lura da tsofaffin gidajen ƙasa na garin, an jera faifayen dutse layi-layi sun leƙo daga jikin bango, aikinsu aikin indararo ne, suna watsar da ruwan sama kada ya ci katanga, duk wanda ya taɓa yaɓen gida kafin damina zai gane hikimar. Bayan magariba sai Jabal Akhdar, dutsen da ke tsakiyar gari wanda ake haskawa da koren fitilu, daga nan kana ganin Abha gaba ɗaya. Ƙarfe goma ta same ka a kwance.

Sallah a kan dutse ba ta da wahala, matafiya ne ku, ga kasaru, ka dai ɗauki 'yar robar ruwan alwala daban da na sha, ka yi alwala tun daga masauki in za ka iya riƙewa don ruwan can kamar ƙanƙara yake.

Tsaraba kuma zumar magarya ce, su suna ce mata sidir, akwai ta ɗalha mai duhu ma, ka ɗanɗana kafin ka saya, ka bar jagora ya kai ka wajen wanda ya sani, kuma in jirgi za ka hau ka sa ta a jakar awo don ba za a bar ka ka shiga da ita a hannu ba. Masu mota kuma wannan roƙo ne nake yi, bayan kun wuni kuna tafiyar ƙafa kar ku kama hanyar Jidda da daddare don a kai aiki ranar Lahadi, akabar nan da hazo da gajiya ba sa haɗuwa. Ku nemi hutun kwana ɗaya tun kafin ku taso, ku kwana, ku kamo hanya bayan asuba.